Wa ya jera duwatsun Bima hawa-hawa?

Auwalu Tifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a mayar da ita wasa. Shekaranjiya na kai kaya Biu daga Gombe, mota ta yi zafi wajen Dadin Kowa, muka tsaya a gindin dutse muna jiran ta huce. Ina zaune sai idona ya kai kan wani ɓangare da ruwa ya zaftare. Dutsen nan a jere yake hawa-hawa kamar an jibge katifu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a cikin kowane hawa akwai siraran layuka a karkace, duk sun kwanta gefe guda, sai wani miƙaƙƙen layi ya datse su, wasu kuma su sake farawa a samansa. Na murza da yatsa, wallahi yashi ne ke zubowa, irin wanda nake ɗiba a kogi, har da 'yan tsakuwoyi masu sulɓi. Shekarata 14 ina lodin yashi, na san tsakuwar da ruwa ya goge. To me ya kai yashin kogi kan tsauni? Ga hoton nan.

Sarkin Zolaya: Aljanu aka ba kwangila, ba a biya su cikon kuɗi ba suka watsar da aikin. Ka gode wa Allah da ba su riƙe tifar ba.

Shugaban Zaure: Sarki, mutum ya ce kada a yi wasa. Malama Hadiza, wannan gonarki ce.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, idonka bai yaudare ka ba, yashin kogi ne. Masana ilimin duwatsu ma da sunan tsaunin Bima da ke wurin suke kiran wannan dutse duk inda suka gan shi, dutsen yashin Bima, kuma ya bazu daga Gombe zuwa Adamawa har cikin Borno ta ƙarƙashin ƙasa. Shekarunsa sun haura miliyan 100.

Layukan da ka gani a karkace kuwa kai ka fi ni ganin yadda ake yin su, ba ka dai lura ba ne. Idan kogi ya janye da kaka, ai kana ganin yashin ƙasansa ya yi tudu-tudu kamar kunyoyin gona. Lokacin da ruwa ke gudu, yana tura yashi ya hau bayan kowane tudu, in ya kai ƙoli sai ya gangara ta gaba ya kwanta a karkace. Wani ya zo ya kwanta a kansa, wani ya biyo. A haka tudun ke tafiya gaba sannu a hankali yana barin layuka a bayansa. In wani ruwan ya zo da ƙarfi sai ya aske kan tudun ya shimfiɗa nasa, shi ne miƙaƙƙen layin da ya datse su. Saboda haka gefen da layukan suka gangara, can ruwan ya nufa. Da wannan ake gane inda kogin da ya ƙafe tun kafin a yi mutum yake kwarara.

Auwalu Tifa: Na gane wannan sarai, Malama. Amma ruwa ai gangare yake bi. Yaya aka yi ya zuba yashi a saman tsauni?

Malama Hadiza: Lokacin da aka zuba shi wurin ba tsauni ba ne, kwari ne. A zamanin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage tun daga bakin teku ta bi inda Binuwai yake a yau har zuwa yankin Gongola. Tsakiyar tsagar ta riƙa nutsewa, koguna suna gangarowa daga tuddan gefe suna cika ta da tsakuwa da yashi. Tana nutsewa ana cikawa, shi ya sa a wasu wurare kaurin Bima ya kai wajen kilomita 3. Nauyin na sama ya danne na ƙasa, ruwan da ke ratsawa ya bar sinadaran da suka liƙe ƙwayoyin yashi kamar yadda siminti ke kama bulo. Daga baya ƙasar ta matse, shimfiɗun suka lanƙwashe suka ɗago. Sai damina bayan damina ta wanke masu taushi, mai tauri ya tsaya. Abin da ya tsaya shi ne ka zauna a gindinsa.

Baba Mai Rijiya: Jikana ne ke rubuta mini. Na yi shekara fiye da 40 ina haƙar rijiya tsakanin Potiskum da Gashuwa kafin gwiwa ta hana. 'Yata Hadiza, Allah ya yi miki albarka, abin da kika faɗa mun gan shi da fitila a hannu. Ƙasa ba ɗaya ba ce. Ka wuce jar ƙasa, ka shiga yashi, ka faɗa yumɓu, ka sake samun yashi. Mu a wurinmu yumɓu shi ne faranti, ruwa a kansa yake zama. In ka samu yashi mai kaushi kwance a kan yumɓu, to ka aika a fara dafa tuwon murna. Wata rijiya da na haƙa, a gaba 7 na ci karo da yumɓu baƙi mai sheƙi yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, yana ɓantaruwa fale-fale kamar takarda. A cikinsa na ciro makankari da ƙayar kifi. Daga wurin zuwa kogi tafiyar yini ce a ƙafa. Masu gida suka ce in mayar in rufe baki kada a ƙi shan ruwan.

Malama Hadiza: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Gindin tafki ka taka. Kogi mai gudu ba ya ajiye laka, wucewa yake da ita. Sai inda ruwa ya tsaya cik laka ke samun sukunin sauka, a hankali, siriri bisa siriri, shi ya sa take ɓantaruwa kamar takarda. Baƙin da warin kuwa na ganyaye da ƙananan halittu ne da suka nutse inda iska ba ta kaiwa, ba su gama ruɓewa ba. Da a fadamar da ke bushewa kowace shekara aka zuba ta, da ja za ka same ta ko ruwan ƙasa, domin ƙarfen da ke cikinta ya sha iska ya yi tsatsa. Launi kaɗai yakan ba da rabin labari.

Malam Nasiru: Ni fa ina ganin ana kewaye-kewaye ne. Yashin ruwa a kan tsauni, ƙayar kifi a cikin rijiya, me ya rage? Wannan ai shaidar ruwan Ɗufana ce. Kuma a Yoben nan aka tono jirgi a wani gari mai suna Dufuna. Ko sunan bai ishe ku ishara ba?

Ustaz Bello: Allah ya gafarta Malam, a nan sai mu yi taka-tsantsan. Alƙur'ani ya faɗi inda jirgin Annabi Nuhu, alaihis salam, ya tsaya, a kan Judiyyu ne, yana cikin suratu Hud. Na Dufuna kuwa kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungumen icce ɗaya. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, aka fito da shi a 1994 da haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri da ta Farankfut ta Jamus. Tsawonsa mita 8 da 'yan kai. Ko iyalan gida ɗaya da awakinsu ba zai ɗauka ba, balle jinsin dabbobi biyu-biyu. Kamannin suna ba hujja ba ne.

Sarkin Zolaya: Ni ma akwai unguwar Makka a garinmu, amma har yanzu ba a kira ni Alhaji ba.

Malam Nasiru: Na janye maganar kwalekwale. Amma shimfiɗun fa? Me zai hana a ce ruwa ɗaya ne ya zuba su gaba ɗaya?

Injiniya Modu: Bari in amsa wannan, don na ga aikin ruwa ɗaya da idona, ba labari aka ba ni ba. Ni aikina haƙar burtsatse a Maiduguri. A watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, gidanmu na cikin waɗanda ruwa ya ci. Da muka koma kwashe dagwalo, na sa shebur na yanki abin da ya taru a tsakar gida. Yashi mai kaushi a ƙasa, mai laushi a bisansa, laka a can sama. Hawa ɗaya ke nan, daga kaushi zuwa laushi. Bayan kwana kaɗan rana ta buga, lakar ta tsattsage kamar bayan kunkuru. Ambaliya ɗaya abin da take bari ke nan. To a cikin duwatsun da Malama ke magana, ana samun irin wannan tsagewar ta rana a wani hawa, a haura sama a sake samunta, a sake haurawa a sake samu. Laka ba ta tsagewa a ƙarƙashin ruwa irin wannan tsagewa, Malam. Sai ta bushe. Ke nan an yi ruwa, an yi rani, an sake ruwa, ba sau ɗaya ba, ba sau dubu ba.

Malam Nasiru: Allah ya mayar muku da alheri, Injiniya, ya jiƙan waɗanda aka rasa.

Injiniya Modu: Amin, na gode.

Malama Hadiza: Amin. In ƙara a kan na Injiniya, ku bi jerin duwatsun Gombe daga ƙasa zuwa sama ku gani. Bima na koguna ne, da 'yan tafkuna a ɓangarensa na ƙasa. A kansa akwai shimfiɗun bakin teku da ake kira Yolde. A kansu kuma sai dutsen laka da dutsen farar ƙasa na Pindiga, wannan na teku ne sosai, domin wajen shekara miliyan 90 da suka wuce teku ya ratso ta Binuwai ya haɗe da wanda ya gangaro ta Sahara. Irin wannan dutse ake fasawa a Ashaka ana yin siminti, kuma a ramin da ake fasa shi ana tsintar ɓawon wasu halittun teku masu naɗi kamar ƙahon rago, waɗanda babu irinsu a duniya yanzu. Da teku ya janye sai aka zuba dutsen yashin Gombe a bakin koguna, da fadamu masu duhun itatuwa. Itatuwan nan su ne kwal ɗin da ake haƙa a Maiganga. Sai shimfiɗar yashin da ake kira Kerri-Kerri ta rufe su duka, ita ma ta koguna da tafkuna. Daji ba ya tsirowa ya girma ya mutu ya taru a tsakiyar ambaliyar da ba ta janye ba.

Ban ce wannan ya taɓa labarin Ɗufana da komai ba. Cewa na yi waɗannan duwatsu ba aikin ruwa ɗaya ba ne.

Baba Mai Rijiya: Kerri-Kerri! Kada ki tuna mini. Wajen Dukku mai rijiya ke sanin yana da sauran koyo. Ka yi ta tafiya cikin yashi busasshe har hasken bakin rijiya ya koma kamar kwabo, babu ko danshi.

Injiniya Modu: Faranti ne babu a kusa, Baba. Yashin na da kauri, ruwan sama na zarcewa ƙasa abinsa. Mu a Maiduguri akasin haka ne. Ƙarƙashinmu yumɓun tsohon tafki ne mai kaurin ɗaruruwan mita, da yashi a tsakankaninsa hawa uku. Na sama shi rijiyoyi da ƙananan burtsatse ke sha. Na tsakiya sai ka yi wajen mita 300, na ƙasa ya wuce 500. Da yake yumɓu ya danne na tsakiyar sama da ƙasa, burtsatsen da aka haƙa a Borno wajen 1960 da kansu suke feso ruwa babu inji, dare da rana. An bar da yawa suna zuba a banza shekara da shekaru, ƙarfin ya ragu. Ruwan kuma tsohon ajiya ne na dubban shekaru, ba na daminar bara ba.

Hajiya Turai: Ni 'yar kallo ce amma na ɓace a hanya. Wato tafkin Chadi ne ya kai har Gombe ya zuba yashin da Auwalu ya gani?

Malama Hadiza: A'a Hajiya, an haɗa kaka da jika ne a zance ɗaya. Bima ya girmi zancen tafkin nesa ba kusa ba. Tafkin Chadi ya sha cika yana ƙafewa. Cikarsa babba ta baya-bayan nan wajen shekara 7,000 ke nan, lokacin faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na Najeriya. Kwatanta da 25,000 da yake da shi a 1963, wanda shi ma yanzu ake ba da labarinsa. Idan kika ɗauki shekara miliyan 100 a matsayin tafiyar Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, to shekara 7,000 ba ta fi mita 42 ba, daga bakin tasha zuwa teburin mai shayi.

Injiniya Modu: Kuma gaɓar wancan babban tafki tana nan, a kanta muke. Akwai wani dogon tudun yashi da ya taso ta Maiduguri ya bi ta Bama ya shiga Kamaru, ana ce masa tudun Bama. Tsayinsa daga teku wajen mita 320 ne duk inda ka auna, shi kuwa tafkin yanzu yana wajen 280. Daga tudun ka gangara gabas sai baƙar ƙasar firgi da ake dasa masakwa, shimfiɗe kamar faifai. In ya cika ya kai wannan gaɓa, rarar ruwan ta kogin Mayo Kebbi na Chadi da Kamaru take bi ta faɗa Binuwai. Shi ma kwalekwalen Dufuna, da aka auna shekarunsa wajen 8,000, na zamanin yalwar ruwan nan ne.

Ɗan Ringim: Injiniya, anya tudun nan ba iska ce ta tara shi ba? Mu a Jigawa ga jigayi nan jere reras, kuma an ce iska ce.

Injiniya Modu: Naku iska ce, tun zamanin da hamada ta sauko kudu tafkin ya ƙafe ƙaf, wajen shekara 20,000 da suka wuce. Duba yadda suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar iskar hunturu. Amma ɗebi yashinku ka murza, duk girmansa ɗaya, lallausa, babu tsakuwa, don iska ba ta iya ɗaga tsakuwa. Na Bama akwai tsakuwa a ciki. Kuma iska ba ta da ma'aunin da za ta bi tsayi ɗaya na ɗaruruwan kilomita. Ruwa kwance ne kaɗai ke yin haka.

Malam Nasiru: To na ji na kogi da tafki, hankali ya ɗauka. Inda nake da ja shi ne lissafin. Wa ya zauna ya ƙirga miliyan 100? Wa ke nan?

Malama Hadiza: Tambaya ce mai kyau, kuma ɗalibaina ma suna yi. Mataki na farko ba ya buƙatar na'ura: na ƙasa ya riga na sama zuwa, in dai ba a kifar da jerin ba. Wani masani ɗan Denmak, Nikolas Siteno, ya rubuta wannan a 1669, kuma Ibn Sina ya riga shi yin magana a kan yadda duwatsu ke jeruwa hawa-hawa. Wannan yana ba ka wa ya girmi wa, ba ya ba ka shekara.

Shekara daga wasu sinadarai ake samunta, waɗanda ke rikiɗa zuwa wani abu a kan ƙa'idar da ba ta sauyawa, zafi ko sanyi. Na jikin icce da ƙashi, rabinsa ke ƙarewa a duk shekara 5,730, da shi aka auna kwalekwalen. Amma ba ya wuce wajen shekara 50,000, bayan nan ya ƙare. Don tsofaffin duwatsu sai a nemi dutsen aman wuta da ya malala a tsakanin shimfiɗun ko ya ratsa su, a auna wani sinadarin da rabinsa ke ɗaukar fiye da shekara biliyan ɗaya. In aman wutar yana kwance a kan yashi, yashin ya girme shi. In yana ƙasa, ya girmi yashin. Sai a haɗa da ƙurar furannin da ta maƙale a laka da ɓawon halittun teku, a gwada da na wasu ƙasashe inda aka auna. Hanyoyi daban-daban ne, mutane daban-daban, kuma amsarsu na haɗuwa.

Ustaz Bello: Kuma Malam Nasiru, babu ayar da ta ƙayyade wa duniya shekaru. An ma umarce mu a suratul Ankabut da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Albiruni ya yi hakan a Indiya kusan shekara 1,000 da suka wuce. Ya lura duwatsun da ake tonowa a filayen can masu sulɓi ne, manya a kusa da tsaunuka, ƙanana in an yi nisa, yashi a bakin teku, sai ya ce wannan fili teku ne da koguna suka cike. Bai fita Musulunci ba don ya faɗi haka.

Malam Nasiru: Ban ce kowa ya fita ba, Ustaz. Na karɓi kogin, miliyoyin kuma na ajiye su a aljihu tukuna sai na ƙara bincike.

Isufu Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Malam Nasiru, in ka samu hali ka zo Yamai ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama, ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da suna nan tsaye. Daga Gadufawa aka kwaso wasunsu, cikin hamadar Tenere, gabas da Agadas ta kudu. Yau wurin ko ɗigon ruwa babu, amma dutsen yashin wurin na manyan koguna ne, kusan sa'an Bima, wajen shekara miliyan 110. Faransawa masu neman yuraniyom ne suka fara kai rahoton ƙasusuwan, wani masani Filip Take ya bi sawu tun wajen 1965, daga baya Ba'amurke Pol Sereno ya zo a 1997 da 2000. An samu kada wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. An samu wata dabba mai cin ciyawa da aka sa wa sunan Nijar, haƙoranta sun kai 500. Abin da ya sa ƙashinsu ya tsira shi ne yashin ambaliya ya rufe su da wuri kafin su watse. Shi kansa yuraniyom na Arlit a cikin tsohon yashin koguna yake kwance, wanda ya girmi na Gadufawa ma sosai.

Sarkin Zolaya: Haƙori 500! Wannan in ta je wurin mai asuwaki sai ya rufe shago ya bi ta gida.

Bello Basakkwace: Ku mutanen gabas kun cika zaure kamar ku kaɗai ad da duwatsu. Mu ma nan muna da namu jeri. Wajen Gundumi ana tsintar icce da ya koma dutse, da zanen jikinai duka, cikin yashi da tsakuwa na kogi. Ka matso Sakkwato, Kalambaina, dutsen da a ka siminti da shi cike yake da ɓawon halittun teku. Ka wuce Gwandu ka ga tuddan nan masu shafaffen kai da marmara bisa, ƙarƙashinsu yumɓu da yashi ne na koguna da tabkuna. Kogi, teku, kogi. Yadda Malama ta lissafa na Gombe, haka namu ya tafi, sai dai namu tekun ta arewa ya shigo.

Malama Hadiza: Gaskiyarka Malam Bello. Har wata dabbar teku da aka tono a yankin an sa mata sunan Goronyo.

Ɗan Ringim: To mu je ga mai maiƙo. Man da aka ce an samu a Kolmani yana da alaƙa da wannan?

Malama Hadiza: Kai tsaye. Ka tuna baƙin yumɓun Baba mai wari? In irinsa ya nutse kilomita da yawa ya dahu da zafin ƙasa, abin da ke cikinsa ne ke zama mai da gas. Daga nan ya tsiyaya ya shige dutsen yashi mai ƙofofi, wani yumɓun ya rufe shi ta sama. Man Doba na Chadi, wanda aka fara turawa ta bututu zuwa Kiribi ta Kamaru a 2003, daga lakar tsofaffin tafkuna ya fito. Kolmani, a iyakar Bauci da Gombe inda aka yi bikin fara aiki a Nuwamban 2022, a cikin kwarin Gongolan nan yake. A Kano da Zariya kuwa ba a nema, domin ƙarƙashinsu tsohon dutse ne mai ƙyalli irin na Kufena, ba shimfiɗun ruwa ba.

Baba Mai Rijiya: 'Yata, saura tambaya ɗaya kafin yaron nan ya karɓe wayarsa. Akwai wata farar ƙasa da na taɓa samu kudu da Damaturu. Ba irin ta shafe ɗaki ba ce. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ka ɗauki guntu kamar kan mutum ka ji kamar ɓawon ƙwarya, in ka sa a harshe sai ta kama. Mece ce?

Malama Hadiza: Baba, in wajen Bularafa ne, an san wurin da ita. Ba ƙasa ba ce irin wadda muka saba. Ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne 'yan uwan gansakuka, ido ba ya ganinsu, kowace da kwanson ta mai kama da gilashi. Suna mutuwa suna sauka gindin tafki mai tsabta wanda kogi ba ya kawo wa laka da yawa, har su taru su yi kauri. Rashin nauyin saboda duk ƙofofi ne. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, nan ne wuri mafi zurfi na babban tafkin da Injiniya ya faɗa, kuma da ya ƙafe irin wannan farar ƙasa ya bari fili guda. Iskar hunturu na ratsowa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ta kwashe ta. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe mu daga can yake, wani ma har ya ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon.

Hajiya Turai: Wato abin da nake sharewa a kan kujeru kowace safiya da hunturu gindin tafki ne? Allah mai iko. Zan daina yi wa yara faɗa a kan taga.

Auwalu Tifa: 'Yan zaure na dawo. Yau da safe mun je lodi, kafin yara su fara na karɓi shebur na yanki wani tudun yashi a tsaye, na share fuskar da tafin hannu. Ga layukan nan a karkace, sak na Dadin Kowa, duk sun gangara inda ruwa ke bi. Har da miƙaƙƙen layin da ya datse su, da siririyar laka a kansa. Yaran mota sun zagaye ni suna tambaya ko kuɗi na yar. Ga hotunan biyu nan na jera, na dutse da na kogi.

Baba Mai Rijiya: Auwalu, in ka sake bi ta Dadin Kowa ka ɓantaro mini guntu mai layukan, ka ba direbobin Potiskum su ajiye a tasha. Ido ya yi rauni, hoton ba ya fita mini. Ina so in taɓa da hannu.

Auwalu Tifa: An gama, Baba. Ranar Laraba in Allah ya kai mu.